Mutuwa a birnin baƙi: Wa ke tuna mamatan Abuja?

A cikin kwana biyu kacal na watan Yunin 2025, Abuja ta yi rashin dattawa biyu da suka daɗe suna zaune a cikinta. Ranar Alhamis 5 ga wata, wadda ta dace da ranar hawan Arfa, Farfesa Jibril Aminu ya rasu yana da shekara 85. Washegari Juma'a, ranar Babbar Sallah, tsohon Alƙalin Alƙalan Najeriya, Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, ya bi shi, saura kwana shida ya cika shekara 89.

Ba a sha wahalar tuna su ba, domin ayyukansu a rubuce suke. Jibril Aminu, haifaffen Song a Jihar Adamawa, likitan zuciya ne. Ya shugabanci Jami'ar Maiduguri daga 1980 zuwa 1985, ya riƙe Ma'aikatar Ilimi sannan ta Man Fetur, ya yi jakadan Najeriya a Amurka, ya kuma wakilci Adamawa ta Tsakiya a Majalisar Dattawa daga 2003 zuwa 2011. A zamaninsa na ministan ilimi ne aka ɗora harsashin karatun 'ya'yan makiyaya. Uwais kuwa ɗan Zariya ne. Ya shiga Kotun Ƙoli a 1979, ya shugabance ta daga 1995 zuwa 2006, kuma har gobe ana ambaton rahoton kwamitin gyaran harkar zaɓe da ya miƙa wa Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a watan Disambar 2008. An yi masa sallah a Masallacin Ƙasa, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar Gudu.

Ƙasa da wata uku kafin nan, da yammacin 19 ga Maris, wata babbar mota ta ƙwace a kusa da gadar Karu da ke kan hanyar Abuja zuwa Keffi, ta afka wa motocin masu komawa gida daga aiki, wuta ta tashi, rayuka suka salwanta. Su ma mazauna Abuja ne, su ma sun bar iyali. Sai dai in ban da danginsu da maƙwabtansu, da wuya a samu wanda zai iya kawo sunan ko da mutum ɗaya daga cikinsu a yau.

Garin da aka zo aiki

Dalilin wannan bambanci yana da nasaba da yadda aka kafa birnin. Ranar 3 ga Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta ayyana wannan yanki a matsayin sabon babban birnin tarayya, kwana goma kafin a kashe shi a Legas. Fadar gwamnati ba ta taso ba sai ranar 12 ga Disambar 1991, a zamanin Janar Ibrahim Babangida. In aka cire 'yan asalin ƙasar, wato Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da Ganagana da sauransu, yawancin manyan da ke zaune a Abuja takardar ɗaukar aiki ko ta canjin wurin aiki ko neman abinci ne ya kawo su. Hausawa kan ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba, kuma da wannan tunani mutane da dama suka shekara talatin a Garki ko Wuse suna kiran wani wuri gida.

Shi ya sa idan aka yi rasuwa a Abuja, tambayar da ke biyo bayan salati ita ce: a nan za a yi, ko gida za a kai shi? A Kano ko Katsina ko Sakkwato ba a cika yin wannan tambaya ba. A can mamaci yana da unguwa, yana da zaure, yana da tsofaffin da suka san kakansa. Za a yi zaman makoki a ƙofar gidan da aka yi masa suna, kuma bayan shekara ashirin za a ci gaba da kwatance da gidan da sunansa. A Abuja kuwa gidan na haya ne. Tun da aka mayar da alawus ɗin gidaje kuɗi a 2003, aka kuma sayar da gidajen gwamnati a shekarun da suka biyo baya, ƙananan ma'aikata da yawa sun koma Nyanya da Mararaba da Masaka da Kubwa da Lugbe da Suleja. Idan maigida ya rasu, kuɗin haya ya ƙare, iyali sukan tattara su koma garinsu, wani ya shiga gidan, sabon ma'aikaci ya hau kujerar ofis. Cikin shekara guda sai a nemi sawun mutum a rasa.

Gudu ta fara zama gida

Duk da haka, abubuwa suna sauyawa, kuma maƙabartar Gudu ce babbar shaida. Addinin Musulunci ya kwaɗaitar da gaggauta binne mamaci, ga tsadar ɗaukar gawa, ga doguwar tafiya, ga fargabar hanya. Uwa uba, akwai 'ya'yan da aka haifa a Abuja, suka yi karatu a nan, suka yi aure a nan, waɗanda suke son kabarin mahaifinsu ya kasance inda za su iya ziyarta.

Annobar korona ta ƙara fito da wannan sauyi fili. Malam Abba Kyari, Shugaban Ma'aikatan Fadar Shugaban Ƙasa, ɗan Jihar Borno ne, a Legas ya rasu ranar 17 ga Afrilun 2020, amma a Gudu aka binne shi washegari. Bayan wata uku aka kai Malam Isma'ila Isa Funtuwa, fitaccen mawallafin jarida, wannan maƙabarta. A nan ɗin ne kuma ake binne direba da masinja da mai gadi da mai shayi, kabari kusa da kabari. Birnin da ya raba mutane tsakanin Maitama da Mararaba bai iya raba su a Gudu ba.

Sunaye a kan alluna

Abuja ta ƙware wajen tuna manya. Mai zuwa Sakatariyar Tarayya yana bin titin Shehu Shagari ko na Ahmadu Bello, mai zuwa Wuse 2 yana ratsa titin Aminu Kano, mai zuwa filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe yana bin babbar hanyar Umaru Musa 'Yar'aduwa. A 2019 aka sanya wa babban filin wasa na ƙasa sunan Moshood Abiola. Da tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya rasu a Landan ranar 13 ga Yulin 2025, aka binne shi a Daura ranar 15 ga wata, Majalisar Zartarwa ta yi zama na musamman domin tunawa da shi, aka kuma sanar da sanya wa Jami'ar Maiduguri sunansa.

Sojoji ma suna da nasu tsari. Akwai maƙabartar sojoji ta ƙasa a kan hanyar filin jirgin sama, inda aka binne Babban Hafsan Sojin Ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, da waɗanda suka rasu tare da shi a haɗarin jirgin sama a Kaduna ranar 21 ga Mayun 2021. Kowace 15 ga Janairu kuma ana ajiye furanni domin tunawa da mazan jiya.

Daga cikin 'ya'yan ƙasar nan da aka gina birnin a kanta, wadda aka fi tunawa ita ce Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane da ta rasu a 1984. Akwai titi mai sunanta a Wuse, kuma hotonta ne a bayan takardar Naira 20, wadda gabanta ke ɗauke da hoton Murtala. Takarda ɗaya ta haɗa wanda ya ayyana birnin da 'yar ƙasar da aka ayyana.

Waɗanda suka zama alƙaluma

Sauran jama'a kuwa da lissafi ake tuna su. Da sanyin safiyar Litinin 14 ga Afrilun 2014, bam ya tashi a tashar motar Nyanya ya hallaka fiye da mutum 70, akasarinsu masu sammakon zuwa aiki da kasuwa a cikin birni. Ranar 21 ga Disambar 2024, mutum 10 ne 'yan sanda suka tabbatar sun rasu a turmutsutsun rabon kayan abinci a wata majami'a a Maitama. Ranar 18 ga Janairun 2025 tankar mai ta fashe a mahaɗar Dikko, kusa da Suleja, fiye da mutum 80 suka ƙone. A kowane lokaci an fitar da saƙon ta'aziyya, an yi alhini na kwanaki, sannan labari ya wuce.

Haka abin yake a ofisoshi. Sanarwa takan fito a zauren WhatsApp na ma'aikata, a liƙa hoton mamaci a allon sanarwa, a zaga da takardar karo-karo, a tura wakilai gaisuwa. Wannan duk alheri ne, kuma zumunci a ƙafa yake. Amma bayan addu'ar uku ko ta bakwai ga masu yi, jama'a sun watse, matar mamaci ta shiga takabar wata huɗu da kwana goma, albashi ya tsaya, a lokacin ne ake gane ko an tuna da mutum ko an manta da shi.

Haƙƙin da ke kwance a fayil

Ga ma'aikacin gwamnatin tarayya, doka ta yi wa iyalansa tanadi, sai dai da yawa ba su san da shi ba. Dokar Gyaran Fansho ta 2014 ta wajabta wa kowane mai ɗaukar ma'aikata ya yi musu inshorar rai ta bai-ɗaya, wadda ba za ta gaza ninki uku na jimillar albashin ma'aikaci na shekara ba. Idan ya yi sakaci bai biya kuɗin inshorar ba, aka kuma yi rasuwa a wannan tsakani, dokar ta ɗora masa biyan haƙƙin. Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya ne ke kula da wannan inshora ga ma'aikatu da hukumomin da ke cin albashi daga baitulmali.

Baya ga wannan akwai kuɗin da ke asusun fanshon mamaci, wanda ake tarawa da kashi 8 cikin 100 daga ma'aikaci da kashi 10 daga mai ɗaukarsa aiki. Kamfanin da ke kula da asusun ba zai saki kuɗin ba sai an kai masa wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci, kuma sai Hukumar Fansho ta Ƙasa, PenCom, ta amince. Waɗanda ke kan tsohon tsari kuwa hukumar PTAD ce ke riƙe da nasu. Akwai kuma kashi 2.5 cikin 100 da ake cirewa domin Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda magada ke da damar nema a Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke aiwatarwa, ta haɗa har da haɗarin da ya rutsa da ma'aikaci a kan hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki, abin da ya shafi duk mai bin hanyar Nyanya ko ta Kubwa safe da yamma. Dokar fansho ta ma yi tanadi ga wanda ya ɓata aka shekara ba a gan shi ba, idan kwamitin bincike ya gamsu cewa ya rasu.

Inda gizo ke saƙar shi ne takardu. Wani ya cike sunan ƙaninsa a matsayin makusancinsa tun yana saurayi, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, bai taɓa komawa ya gyara ba. Wani sunansa a banki daban, a fayil daban, ranar haihuwa daban. Mutane da dama kuma suna zaton wanda aka rubuta a matsayin makusanci shi ne magaji, alhali ga Musulmi rabon gado yana bin ƙa'idar shari'a ne, ba abin da aka cike a fom ba. Matar da ta koma Gusau ko Azare da marayu biyar ba ta da kuɗin motar da za ta riƙa zirga-zirga tsakanin kotu da banki da Sakatariya. Hadiman masu riƙe da muƙaman siyasa sun fi kowa zama cikin haɗari, domin aikinsu yana tafiya ne da wa'adin maigidansu, ga shi kuma wani lokaci babu takamaimiyar takarda da iyali za su riƙe.

Abin da ke hannun masu rai

Fayil ɗin mamaci ba ya tafiya da ƙafarsa. A hannun abokan aikinsa yake: jami'in sashen kula da ma'aikata da zai rubuta wasiƙa, akanta da zai tabbatar da albashin ƙarshe, darakta da zai sa hannu. Kowane ɗayansu yana da nasa fayil a ɗaki guda, kuma wata rana wani ne zai ɗauko shi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ba sai an jira sabuwar doka ba kafin ma'aikaci ya sabunta sunayen iyalinsa a fayil da asusun fansho, ya rubuta bashin da ake bin sa da wanda yake bi, ya sanar da matarsa ko babban ɗansa inda takardunsa suke. Ba sai an ware kasafi ba kafin kowane sashe ya wakilta mutum ɗaya da zai bi wa iyalan mamaci haƙƙinsu har ya fito, ko ƙungiyoyin ma'aikata da kwamitocin masallatai da majami'u da ƙungiyoyin 'yan gari su buɗe littafin da za a riƙa rubuta sunan duk wanda ya rasu, da aikin da ya yi, da waɗanda ya bari.

Titunan Abuja ba za su ishi kowa ba, kuma direban da ya shekara talatin yana kai daraktoci filin jirgin sama bai taɓa sa ran allo mai sunansa ba. Abin da zai so shi ne 'ya'yansa su ci gaba da zuwa makaranta, a biya masa bashinsa, a ambace shi da alheri. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, manya da ƙanana, Ya raya abin da suka bari, Ya sa mu cika da kyau da imani.