Fitilar titi mai aiki da rana: gadon ɗan Tasawa

A Tasawa aka haifi Farfesa Abdu Mumuni a 1929, masanin da ya shugabanci ma'aikatar ONERSOL a Yamai daga 1969, yana neman hanyar da rana za ta yi wa talaka aiki. Fitilar titi mai aiki da rana 'yar wannan tunani ce. Daga cikin kayanta akwai faranti, batir, ƙwai da turke. Amma sakaci ƙanƙane yakan kashe ta. In ba a goge farantin ba, ƙurar hunturu ta lulluɓe shi. In batir bai samu inuwa ba, zafin bazara ya cinye shi. Saboda haka, jama'a, kafin a kafa fitila a kasuwa ko asibiti, a fara naɗa mai kula da ita.