Baƙo Ya Kalli Hawa, To Ina Zai Ci Tuwo?

Wata ƙaramar Sallah na gayyaci abokina ɗan Binuwai, wanda muke aji ɗaya, zuwa garinmu Gaya. Ya ga dawakai da 'yan lifidi, ya ji kakaki da algaita, ya yi ta ɗaukar hoto har wayarsa ta cika. Da aka watse sai ya tambaye ni: "Wannan rawanin mai kunne biyu na su wane ne? Kuma in ba ni da kai a garin nan, ina zan ci abinci?" Ta farkon na lallaɓa na amsa, ta biyun kuwa shiru na yi. Tun ranar nake bibiyar yadda wasu ke tarbar masu yawon buɗe ido, har na ci karo da abin da ake kira luau a tsibiran Hawaii na Amurka.

Luau walima ce da ake haɗa ci da kallo a zama ɗaya. Asalinta, a da dokar gargajiyarsu ta hana maza da mata cin abinci tare, sai a 1819 Sarki Kamehameha na Biyu ya zauna ya ci da mata a bainar jama'a, dokar ta faɗi. Sunan kuwa daga ganyen gwaza ya samo asali, wanda suke dafawa da madarar kwakwa. Eh, dangin gwazar nan tamu.

Yadda ake yi a yau shi ne, baƙo ya sayi tikiti, a tarbe shi da sarƙar furanni a wuya. A gabansa za a buɗe ramin da aka gasa nama tun safe a kan duwatsu masu zafi. Ana ci ana rawar hula, mai gabatarwa yana bayanin ma'anar kowane motsi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne cibiyar al'adun Polynesia da aka buɗe a garin Laie a 1963. Da yawa daga ma'aikatanta ɗaliban jami'ar da ke kusa ne, da aikin suke rage nauyin kuɗin karatu. Kun ji fa, ɗalibai irinmu.

To mu me muka rasa? Tarihi dai muna da shi. An ce wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya zuwa Dutsen Dala neman tama, birnin ya ci sunansa, zuriyarsu ake kira Abagayawa. A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Abinci kuwa ga waina da miyar taushe, ga dambu, ga gasasshen rago, ga fura da nonon da Fulanin Ajingi ke kawowa kasuwa. Abin da ba mu da shi tsari ne: rumfa mai tsafta, sanannen farashi, da mai bayanin da ya san bambancin hakimi da dagaci, ya kuma iya faɗa da Turanci.

Sai dai a yi hattara. Naman da ake gasawa a ramin luau na alade ne, kuma galibi da giya ake haɗawa. Wannan ba namu ba ne, dabarar kawai za mu ɗauka. Sannan wasan wuƙa mai ci da wuta da ake rufe taron da shi, asalinsa na mutanen Samoa ne, amma baƙo sai ya koma gida yana cewa na Hawaii ne. Haka al'ada take zama in kuɗi ya shiga: abin da baƙo ya fi tafa wa shi ake ƙarawa, ko da aro ne. Mu ba ma buƙatar aro, ai maƙeranmu suna da wasan wutarsu, ga 'yan tauri, ga kokawa.

Saura 'yan watanni mu karɓi difloma, kuma kowa ya san layin neman aiki. Mai karatun girki da kula da baƙi, mai akanta, mai aikin jarida, in biyar suka haɗu suka nemi izinin fada, za su iya gwadawa da baƙi ashirin a Sallah mai zuwa. Sharaɗi ɗaya ne: makaɗi da mai dama fura su samu rabonsu da mutunci, kada a mai da su kayan hoto.

Abokin nawa dai a gidanmu ya ci tuwo, Inna har da ƙulla masa dakuwa. Amma baƙo nawa ne ke da aboki a Gaya?