Walimar Luwau A Hawai: Wacce Za Ki Zaɓa?

'Yan uwana mata, duk wadda Allah ya nufa ta je hutu tsibiran Hawai na ƙasar Amurka, tun ba ta gama ajiye kaya ba za a fara miƙo mata takardun tallar luwau. Luwau dai walima ce ta maraice, ana ci ana kallon rawa. Kuɗin mutum guda ya kan haura dala 100, wani wurin ma ninki biyu. Idan ke da maigida da yara uku ne, sai ki yi lissafi da kanki. Saboda haka kada ki bar wa mai talla zaɓi.

Da farko ya kamata ki san cewa wannan walima da hannun mata a cikinta. A da can dokar gargajiyar Hawai, wadda su ke kira kapu, ta hana mace cin abinci tare da namiji, ko da mijinta ne ko ɗanta. An kuma hana ta kwakwa da yawancin ayaba da wasu kifaye. A 1819, bayan rasuwar Sarki Kamehameha na ɗaya, mata biyu daga cikin matansa, watau Ka'ahumanu da Keopuolani, suka matsa wa sabon sarki Liholiho har ya zauna ya ci abinci tare da mata a gaban jama'a. Daga nan dokar ta rushe. Sunan luwau kuwa na ɗanyen ganyen gwaza ne, wanda su ke dafawa da nama ko kifi.

To, sai maganar abinci, kuma nan ne ya kamata ki buɗe ido sosai. Babban abincin luwau naman alade ne. Rami su ke haƙawa mai suna imu, su zuba duwatsu masu zafi, su rufe naman da ganyen ayaba, ya daɗe a ciki yana turaruwa, sa'an nan a tono shi baƙi na kallo. Akwai kuma laulau, wani ƙunshin ganyen gwaza, wanda sau da yawa alade ne a ciki ko da ba a gani. Wadda ba ta cin wannan, sai ta tambayi abin da za a ci kafin ta biya, ba bayan ta zauna ba. Ki tambaya ko kowa ke ɗiba da kansa ko kawo wa mutum a ke yi a faranti, domin a wurin ɗiba cokali ya kan yi yawo daga wannan kwano zuwa wancan. Ba za ki kwana da yunwa ba dai. A kan samu kifi da dankalin Hausa da shinkafa, da kifin salmon mai gishiri da a ke murjewa da tumatir da albasa, da haupiya mai zaƙi ta madarar kwakwa. Ga kuma poi, watau dafaffen gwaza da aka kirɓa aka dama. Baƙi da yawa su kan yatsina fuska, amma bakin da ya saba da tsamin fura ba zai sha wuya ba.

Wurare da yawa su kan haɗa kuɗin giya cikin kuɗin shiga, ki sha ko kada ki sha. Cibiyar Al'adun Folinisiya da ke Laie a tsibirin Oahu, wadda cocin Momon ya buɗe a 1963, ba a sayar da giya a cikinta, kuma a ganina ta fi dacewa da mai yara. Sai dai ba ta buɗewa ran Lahadi, kuma daga Waikiki tafiyar awa guda ce ko fiye a mota, ga komowa cikin dare da yara suna gyangyaɗi.

Rawar jujjuya wuƙa mai wuta da ki ke gani a hotunan talla, ta mutanen Samowa ce. Wadda ta fi son rawar hula ta Hawai da tarihinta, sai ta nemi Old Lahaina Luau a tsibirin Maui. Gobarar watan Agusta na 2023 da ta cinye garin Lahaina ta sa aka rufe wurin, aka sake buɗewa a 2024. Kujerunsa su kan ƙare da wuri, sai ki kama naki tun makonni kafin tafiya. Ki kuma sani tufafin 'yan rawa ba su rufe jiki kamar yadda muka saba, domin ku yi shawara da maigida tun a gida.

Yawanci a fili a ke yi, kusa da teku, saboda haka ki riƙe mayafi mai kauri don iskar dare, ki kuma ji ko za a mayar da kuɗi idan ruwan sama ya sauko. A ƙofa za a rataya miki sarƙar furanni mai suna lei. Ba a ƙin karɓa, ba a kuma cirewa a gaban wanda ya bayar. Idan kina da juna biyu ki faɗa musu, domin a al'adarsu mai ciki buɗaɗɗiya a ke ba ta, wadda ba a ɗaure bakinta ba.