Tuƙin Kwalekwale a Tafkin Kainji da Hunturu

Ni mutumin Salka ne a ƙasar Kontagora. Mu manoma ne, ba mu gaji ruwa ba. Amma tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci tsohon garin Bussa, sai ga tafki mai tsawon wajen mil 80 yamma da mu. Wataƙila waninmu a tura shi koyarwa bakin tafkin nan, wajen Wara ko Yawuri, inda yara ke shiga jirgi kamar yadda namu ke hawan jaki.

Abin mamaki, da hunturu tafkin cike yake. Dalili kuwa Kwara tana kawo ruwa sau biyu. Na farko farin ruwa, watau na daminarmu. Na biyu baƙin ruwa, wanda ya sauka a duwatsun Gini, ya daɗe a fadamun Mali, ba ya isowa sai wajen Disamba. Sai ya rufe kututturan itatuwan da tafkin ya cinye, matuƙi ba ya ganinsu sai jirgi ya hau kansu.

A Kanada da Girinlan akwai wani siririn jirgi na mutum ɗaya, sunansa kayak, asalinsa na mutanen Inuwit ne masu yin sa da fata. Can, in mutum ya kife gab da lokacin ƙanƙara, sanyin ruwan kan sarƙe masa numfashi nan da nan. Namu ruwan bai kai haka ba, har da asuba ya kan fi iska ɗumi. Haɗarinmu yana sama. Hazo ya ɓoye gaɓa, iskar gabas ta ta da igiya bayan hantsi, kwalekwale kuwa ba shi da rufi.

Yaron da aka tsamo, jiƙaƙƙiyar rigarsa ita ce abokiyar gabarsa, gama iska tana busar da ita tana kwashe ɗumin jikinsa. A tuɓe ta maza, a lulluɓe shi da busasshen bargo har kai, a ba shi kunu mai ɗumi in yana cikin hayyacinsa. Kada a manna shi da wuta. In jirgi ya kife, a riƙe shi, gama katako ba ya saurin nutsewa, kuma an fi hango jirgi a kan hango kan mutum cikin hazo.

A ganina, malami ya nemi wani dattijon Basarke ya zo aji ya yi wa yara bayanin iska kafin Nuwamba ta ƙare.