Taya ba fata ba ce

Kawuna ya fi shekara talatin yana jan mota, yana ɗaukar albasa da tafarnuwa daga Goronyo da Wurno, ya bi ta Acida ya sauke a Sakkwato. Akwai maganar da ba ya gajiya da faɗa da zarar hunturu ya kama: "Abin da kaushi ka yi ma ƙahwa, shi rana ka yi ma taya. In ba ka ba ta mai ba, sai ta tsage." Ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. A tashar Wurno, ko gindin bishiyar da samari ke wankin mota a Rabah, ko bakin ruwa a Goronyo, za ka ga abu guda. An gama wanki, an goge gilasai, sai yaro ya ɗauko tsohuwar gorar ruwa da wani abu baƙi ko ja a ciki, ya tsiyaya a tsumma, ya bi tayoyin huɗu da shafa har su yi sheƙi. Wani baƙin mai yake sawa, wanda aka juye daga inji. Wani man gas, wani man birki, wani kuma na gwangwani mai feshi. Mai mota ya duba, ransa ya yi fari, ya ƙara wa yaro na goro.

Ba na raina wannan tunani, domin yana da tushe. Mu mutanen jima da dukanci ne, jar fatar akuyar Sakkwato ta yi suna har Turai, kuma kowa ya san fatar da ba ta shan mai bushewa take ta kakkarye. Linzami da sirdi da takalmin fata duk haka suke. Wanda ya tashi yana ganin ana shafa man kaɗe a fason ƙafa ya rufe, in ya ga gefen taya ya yi fari-fari ya fara tsatstsagewa, ina laifinsa in ya ce ƙishin mai take ji? Kiyasi ne na mai hankali. Sai dai, da neman afuwar kawu da sauran manyan direbobi, kiyasin bai hau ba, don taya ba fata ba ce.

Fatar da aka jeme ta rabu da jikin da ke ba ta maiƙo, dole a kawo mata daga waje. Ita kuwa taya da guzurinta take fitowa daga masana'anta. Roba a asalinta ma ba baƙa ba ce, ruwan bishiya ne fari kamar madara. Shi ya sa mutumin nan mai ƙiba da ke tambarin kamfanin tayoyi na Michelin fari ne tas: a 1898 aka zana shi, lokacin da tayoyi ba su koma baƙaƙe ba tukuna. Daga baya aka gano cewa in an cuɗa roba da wani baƙin gari mai kama da kunkunniya, takan ƙara ƙarfi ta kuma jure zafin rana. Bayan wannan ana zuba mata kakin da ke fitowa sama ya rufe ta, da wani sinadari mai suna 6PPD wanda ke tare wata iska mai cin roba da ake kira ozon. Waɗannan ba a saman taya kawai suke ba, cikin namanta suke. Duk juyin da taya ta yi a hanya tana lanƙwasa tana miƙewa, suna ta tsattsafowa waje kaɗan-kaɗan kamar gumi. Dalilin ke nan da motar da aka jingine a zaure shekara biyu tayarta kan riga ta mai zirga-zirga tsagewa, abin da kowane mai faci zai shaida.

Wannan launin ƙasa-ƙasa da ke fitowa a gefen taya, wanda ake cewa ta koɗe, yawanci ba ƙura ba ce kawai, ba kuma bushewa ba. Sinadarin ne ya fito ya yi karo da iska ya ƙone a madadin robar. Wato abin da muke gani mu ce taya ta kamu da cuta, shaidar cewa maganinta na aiki ne.

To me baƙin mai da gas ke yi? Ga gwajin da ba ya buƙatar kuɗi. A yanki ɗan guntun tsohon tub, irin wanda ake ɗinka guga da shi, a jefa shi cikin gwangwanin kananzir ko gas, a bar shi ya kwana. Da safe za a tarar ya kumbura, ya yi laushi, in ka ja shi ba ya komawa yadda yake. Man da aka tato daga fetur shiga roba yake, ya narka kakin da ke kare ta ya fito da shi. Gaskiya ne shafa ɗaya ba ta kashe taya, ba zan yi ƙari ba. Amma wanda ke wanki duk mako, ana shafawa duk mako, a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, kwalta kuma ta fi haka nesa, yana kankare garkuwar ne da hannunsa. Kamfanonin da ke ƙera tayoyin da kansu suna gargaɗi a kan duk abin shafawar da ke da man fetur a ciki, kuma da yawa daga na gwangwanin nan masu tsananin sheƙi irinsu ne. Man birki nasa aibin daban: in ya fantsama jikin mota, fenti yake ci.

Sai ƙura. Motar da aka shafe da baƙin mai a Wurno, ta sauka daga kwalta ta bi burji zuwa fadama ɗaukar shinkafa, kafin ta kai gona tayoyin sun yi ja jawur kamar an tsoma su a kunun kanwa an barbaɗa jan ƙasa. Sheƙin na minti goma ne, dattin na mako. Abin da ya ɗiga kuma a bakin ruwa, Gulbin Rima yake tafiya, wanda aka datse a Goronyo tun 1984 don a sha a yi noman rani.

Duk wannan mai sauƙi ne in aka kwatanta da abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Sheƙi yana rufe ido. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi bayansa a Legas a 2008, kusan duk tayar da ke ƙarƙashin motocinmu daga waje take zuwa. Sabuwa ta yi tsada, sai aka koma ga ta gwanjo, duk da cewa tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da kwastan ta hana shigowa da su. Mai sayar da ta gwanjo ya san inda idon mai saye ke sauka. Zai wanke ta, ya shafe ta, ƙananan tsagun gefe su cika da maiƙo su ɓace, ta tsaya a bakin shago baƙa wuluk kamar amarya ranar buɗar kai. Mai saye ya danna da babban yatsa, ya ga zanenta da saura, ya biya. A ganina wannan ne babban laifin imanin cewa baƙar taya mai sheƙi ita ce lafiyayya: ya koya mana duba launi, alhali shekarun taya a rubuce suke a jikinta.

A gefen kowace taya akwai layin da ya fara da haruffan DOT, ƙarshensa lambobi huɗu cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana wa'azin cewa taya ta shekara huɗu ta ci lokacinta. Michelin ya fi sassauci: ya ce daga shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai goma a cire ko da zanenta bai suɗe ba. Kowanne mutum ya bi, babu wanda ya ce mai na mayar da tsohuwa yarinya. Kuma mai lodin buhunan albasa har saman mota a tsakiyar bazara ya fi kusa da lissafin farko.

Kada masu wankin mota su ce na zo kashe musu kasuwa. Wankin taya alheri ne, kuma aikin gaske a nan yake. A bari ta huce a inuwa, a jiƙa ta, a sa sabulu da burushi mai tauri a cuɗa har kumfar ta daina fitowa ja. A zaƙulo tsakuwar da ta maƙale a zane. A bari ta bushe sarai, sannan a tsuguna a duba ta tsirara: ina tsaga, ina ƙullutu, ina ƙusa. Yaron da ya ce wa mai mota "Alhaji, ga ƙullutu a ta baya, a kai wa mai faci," ya fi cancantar na goro sau goma bisa wanda ya lulluɓe ƙullutun da sheƙi. Wanda kuma ke son motarsa ta yi kyau ranar Sallah ko ɗaurin aure, ba haramun ba ne. Akwai na shafawa wanda aka haɗa da ruwa, fari ne kamar madara, ba ya warin fetur. A ɗiga kaɗan a soso, a shafa siriri a gefe kawai, a ba shi lokaci ya sha iska, a goge ragowar don kada ya fantsama kan birki ko jikin mota in an tashi. Kwalliya ce dai, kamar lalle. Amma kada ya taɓa inda taya ke taka ƙasa. Babur kuwa, ina roƙon 'yan kabu-kabu su bar shi gaba ɗaya, domin babur a kwana kwantawa yake, gefen da aka shafa shi ne ke riƙe da kwalta a daidai lokacin da ake buƙatarsa.

Ranar da na kawo wa kawu wannan magana, bai amsa ba sai da ya gama alwala. "Kai ɗan boko, mi ka sani ga mota?" Na ce ban san komai ba, Kawu, amma mu duba safaya. Muka sauko da ita, na goge maiƙon da tsumma, lambobin suka fito: 1817. Ya kanne ido ya karanta, ya fashe da dariya, ya ce ashe tun shekarar da Sarkin Musulmi Bello ya hau take, sai a kai ta hubbarensa nan Wurno a ajiye. Na ce mako na 18 ne a 2017. Ya yi shiru yana ƙirgawa da yatsu, sannan ya sa farce cikin wata tsaga da maiƙon ya ɓoye, farcen ya shige. Bai ce na yi gaskiya ba, ni ma ban nema ba. Ya dai kira yaron motarsa ya ce a mirgina ta bayan gida a cika ta da ƙasa, a ɗaure akuya.