Kafin Ka Sa Hannu a Kwantiragin Intanet a Landan

Duk wanda ya kama gida a Landan, tun bai gama shirya kaya ba zai fara cin karo da tallan kamfanonin intanet: BT, Sky, Virgin Media, Community Fibre, kowa na cewa nasa ya fi gudu. Mutanenmu kuwa galibi buƙatarsu ba ta wuce kallon Labarina a YouTube, sauraron BBC Hausa da kiran bidiyo zuwa gida ba. Sai ka ga an biya kuɗin abin da ba a buƙata, don kawai ba a gane abin da takardar ke cewa ba.

Lambar da ake bugawa da manyan baƙaƙe ita ce megabit a daƙiƙa ɗaya, wato yawan bayanan da layin ke iya kawowa. Kada a haɗa ta da megabait ɗin da muka saba gani wajen sayen data. Bit takwas ne ke yin bait ɗaya, don haka layi mai megabit 80 yana sauke megabait 10 ne a daƙiƙa. Netflix da kansa ya ce megabit 5 ya isa a kalli hoto mai kaifin 1080, 15 kuma ya isa na 4K. To, magidancin da ke zaune shi da iyalinsa da yara biyu, me zai yi da megabit 900?

Abin da ya fi cancanta a tambaya shi ne irin wayar da ta shigo gidan. Akwai faiba, zaren gilashi mai tafiya da haske, wadda ke isowa har cikin ɗaki. Akwai kuma wadda ke tsayawa a koren akwatin kamfanin Openreach na bakin titi, daga nan tsohuwar wayar jan ƙarfe ta ƙarasa. Ta biyun takan yi rauni wajen turawa, kuma turawa ce ke fitar da fuskarka sarai a wayar Inna a Kano. Talla bai cika ambaton wannan ba.

Sau da yawa ma laifin ba na layin ba ne. Rautar da ke watsa wayifai ce aka cusa a bayan talabijin, ga bangon bulo mai kauri na tsofaffin gidajen birnin.

Shi kallo ta intanet, bidiyon ba ya zuwa gaba ɗaya. Gutsattsari ake aiko shi, waya tana tara na 'yan daƙiƙoƙi a gaba, kamar randar da ake cikawa ana kamfata. In kamfata ta fi zubawa, sai ka ga zoben nan yana juyawa a tsakiyar allo. Don gudun haka ne manhaja ke rage kaifin hoto da kanta, daga 1080 zuwa 360, adadin layukan ɗigo daga saman hoto zuwa ƙasansa ke nan. Wanda ke kallo da datar waya gara ya rage da hannunsa, domin hoto mai kaifi kan cinye har gigabait 3 a awa guda. Tarawar nan ta gutsattsarin bidiyo kuma tana cikin dalilan da maƙwabci mai kallon Arsenal ta eriya ko tauraron ɗan adam ke rigan ka ihun cin ƙwallo.

Jinkirin murya a kiran gida wani abu ne daban, na nisa da yawan zango. Saƙon kan ratsa manyan cibiyoyi irin na yankin Docklands a Landan, inda mahaɗar intanet ta LINX ta soma aiki a 1994, ya bi wayoyin ƙarƙashin teku kamar Glo-1 da ta haɗa garin Bude na Birtaniya da Legas, sannan ya hau zuwa Arewa. Ƙarin megabit ba ya taƙaita wannan tafiya.

A kula da kalmar "kai-tsaye", domin a Birtaniya tana da hukunci. Kallon tashar talabijin a daidai lokacin da take watsa shiri, ko a waya ne, sai da lasisin talabijin. Tun watan Satumban 2016 haka dokar take ga duk shirin talabijin na BBC da za a kalla a BBC iPlayer. Fim ɗin Kannywood da aka riga aka ɗora a YouTube bai shiga ciki ba.