Duwatsun Watan Haihuwa da Matsayin Duwatsun Ado a Al'adar Hausawa: Waiwaye Daga Ƙasar Haɗejiya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin al'adar keɓe wa kowane wata dutsen ado na musamman, wadda ta fara shigowa ƙasar Hausa ta hanyar kasuwancin intanet. An bibiyi asalinta da ma'anonin da ake jingina wa duwatsun, sannan aka kwatanta ta da yadda Hausawa suka ɗauki duwatsun ado, tare da misali da Guri a masarautar Haɗejiya. Maƙalar ta nuna cewa Bahaushe da suna yake adana lokacin haihuwa, dutse kuwa da wasu ma'anoni na daban ya ɗaure shi.

1.0 Gabatarwa

Masu tallar zobba da sarƙoƙi a Instagram da WhatsApp sukan haɗa hajarsu da jadawali mai nuna dutsen kowane wata da halayen da aka ce yana sa wa mai shi. Sau da yawa akan gabatar da jadawalin a matsayin tsohuwar hikima ta dukkan al'ummun duniya. Wannan iƙirari ya shafi manazarcin Hausa ta fuska biyu. Ta farko, fassara: sunayen duwatsun ba su faɗa daidai kan kalmomin Hausa ba. Ta biyu, tarihin al'ada: idan ba a rarrabe ba, baƙon tsari zai iya rufe na gida har a ɗauka shi ne gadon kaka da kakanni.

2.0 Asalin Jadawalin

Tushen da aka fi ambata shi ne ƙyallen ƙirji na babban limamin Bani Isra'ila, wanda Littafin Fitowa a Attaura ya ce an jera masa duwatsu goma sha biyu, ɗaya domin kowace ƙabila. A ƙarni na ɗaya miladiyya, masanin tarihin Yahudawa Josephus ya danganta duwatsun da watannin shekara da buruji goma sha biyu. Sai dai jerin duwatsun ya riƙa bambanta daga wata ƙasa zuwa wata a Turai har tsawon ƙarnoni.

Jadawalin da ake yaɗawa a yau ya samo asali ne a 1912, lokacin da ƙungiyar masu sayar da kayan ado ta Amurka ta zauna a birnin Kansas ta tsayar da jeri guda. Shekara ɗaya bayan haka George Frederick Kunz, masanin duwatsu na kamfanin Tiffany, ya wallafa The Curious Lore of Precious Stones, littafin da ya tattaro camfe-camfen da ke tattare da duwatsun. An yi wa jerin ƙari a 1952. A 2002 aka saka tanzanait a watan Disamba, dutsen da sai a 1967 aka gano shi a Tanzaniya, a 2016 kuma aka ƙara sifinel a Agusta. Ke nan 'yan kasuwa ne suka tsara jadawalin, su ne kuma suke sabunta shi idan sabuwar haja ta fito.

3.0 Duwatsun da Ma'anoninsu

Janairu yana da ganet, dutse ja mai duhu da ake dangantawa da tsayuwa kan alƙawari. Fabrairu yana da ametis mai launin shanshanbale, wanda sunansa a Girkanci ke nufin rashin buguwa, domin Girkawa sun yi imani yana hana maye. Maris yana da akwamarin mai launin ruwan teku, alamar jarunta. Afrilu na daimon ne, alamar tsarkin zuciya, Mayu kuma na zumurrudu, alamar soyayya da dacewa. An ba Yuni lu'ulu'un teku domin lafiya, Yuli jan yaƙutu domin wadatar zuci, Agusta zabarjadi da wani nau'in aƙiƙ mai zane-zane domin zaman lafiyar aure. Satumba na shuɗin yaƙutu ne, alamar hikima. Oktoba na ofal, alamar fata nagari. Nuwamba na tofaz, alamar amana. Disamba kuma na firuza, alamar arziki.

Wani abin lura shi ne, ana haƙo da dama daga cikin waɗannan duwatsu a Arewacin Nijeriya: shuɗin yaƙutu a tsaunin Mambila da kudancin Kaduna, tofaz a yankin Jos, zumurrudu da akwamarin a Nasarawa Eggon da Gwantu. Galibinsu ɗanyu ake fitar da su waje, can ake gyara su.

4.0 Guri: Ƙasar da Ba Ta da Dutse

Guri ɗaya ce daga ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗejiya a Jihar Jigawa, tana cikin dausayin Haɗejiya da Nguru, inda Badawa da Mangawa da Fulani da Hausawa ke zaune tare kan noma da su da kiwo. Ƙasar yankin yashi ce da laka da ruwa ya shimfiɗa a kwarin Chadi, babu fa babu tsauni. Saboda haka duk dutsen adon da ya taɓa hawa wuyan mace a wannan yanki fatauci ne ya kawo shi. Ƙasar Haɗejiya na tsakanin Kano da Barno, hanyar da fatake da mahajjatan ƙasa suka daɗe suna bi, daga baya kuma layin dogo na Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ya ratsa ta Malam Madori da Birniwa.

Jan dutsen da Hausawa suka fi sani, wato tsakiya da danginta na aƙiƙ, ya fito daga manyan mashiga uku. Na farko shi ne Kambe, garin da a yau ake kira Khambhat a Gujarat ta Indiya, wanda duwatsunsa suka riƙa bi ta Makka da Alƙahira zuwa ƙasashen Sudan, A. J. Arkell ya yi bayanin wannan ciniki a wata maƙala ta 1936. Na biyu shi ne Idar-Oberstein a Jamus, inda a ƙarni na 19 aka riƙa sarrafa aƙiƙ ɗin Barazil, ana rina shi ja, ana kwaikwayon siffofin Indiya domin kasuwar Afirka, har da abin wuyan nan mai kusurwa uku da Buzaye ke kira talhakimt. Na uku na kusa ne: dutsen lantana, wanda fataken Hausa suke ɗaukowa daga Litingo a ƙasar Nijar ta yanzu su kai Ilori, inda ake hudawa a goge, kamar yadda Ann O'Hear ta nuna a 1986. Murjani kuwa daga Bahar Rum yake ƙetaro Sahara.

A duk wannan zirga-zirga, abin da ke ba dutse daraja shi ne launinsa, da tsufansa, da nisan inda ya fito, da hannun da ya kawo shi. Dutsen wuya yakan shiga kayan aure, yakan zama ajiyar mace da za ta iya sayarwa ranar buƙata, yakan kuma gangaro daga uwa zuwa 'ya. Zoben azurfa mai idon aƙiƙ tsaraba ce ta alhazai, kuma darajarsa a wurin maza ta jingina da ruwayar Anas ɗan Malik a Sahihu Muslim cewa zoben Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, na azurfa ne mai ido irin na Habasha. Akan kuma rataya wa yaro dutse tare da laya da nufin kariya daga kambun baka, al'adar da malamai da yawa ke suka. Babu ɗaya daga cikin waɗannan ma'anoni da ya rataya ga watan da aka haifi mutum.

5.0 Suna a Matsayin Ma'ajiyar Lokacin Haihuwa

Wannan ba ya nufin Bahaushe bai damu da lokacin haihuwa ba. Ya damu matuƙa, sai dai a laƙabi yake ajiye shi. Ranakun mako sun ba da Ɗanladi da Ladi, Ɗanliti da Altine, Ɗantala da Talatu, Balarabe da Laraba, Ɗanlami da Lami, Ɗanjuma da Jummai, Ɗan'asabe da Asabe. Watanni sun ba da Azumi da Labaran ga haihuwar Ramalana, Sallau ga ranar Salla, Bawa ga watan da ke tsakanin Sallolin biyu. Yanayin shekara ya ba da Nomau da Marka da Anaruwa. A ɗaya ɓangaren, Hausawa na raɗa wa mata sunayen duwatsu, kamar Murjanatu da Jauhara, ba tare da duba watan haihuwa ba. Tsarin biyu suna nan kafaɗa da kafaɗa, amma al'ada ba ta haɗa su ba.

6.0 Matsaloli Biyu

Matsala ta farko ta kalanda ce. An gina jadawalin kan shekarar rana mai kwana 365, alhali laƙuban wata na Hausa sun ginu kan shekarar Hijira mai kwana 354 ko 355, wadda ke ja baya da kimanin kwana goma sha ɗaya duk shekara. A Nijeriya azumin 1445 ya fara ranar 11 ga Maris, 2024, aka yi Salla ranar 10 ga Afrilu. Yara mata biyu da aka haifa a farko da ƙarshen wannan wata duk Azumi ne a wurin Bahaushe, amma jadawalin zai ba ɗaya akwamarin, ɗaya daimon.

Ta biyu ta kalmomi ce. Yawancin sunayen duwatsu masu daraja aro ne daga Larabci, ta hanyar Alƙur'ani, inda Suratur Rahman ta ambaci lu'ulu'u da murjani da yaƙutu, da kuma littattafan malamai. A Larabci lu'ulu'u shi ne abin da ake cirowa daga cikin kawa ta teku, amma Hausar yau da kullum ta faɗaɗa kalmar har ta rufe daimon. Sakamakon haka mai fassara da bai kula ba zai ba Afrilu da Yuni dutse ɗaya. Haka yaƙutu ke rufe dutsen Yuli da na Satumba, kuma a nan Larabawa sun yi daidai da kimiyya, domin ma'adini guda ne launi ya raba. Masana irin su al-Biruni da Ahmad al-Tifashi, wanda ya rasu a 1253, da launi suke rarrabe nau'o'in yaƙutu, hanyar da ta dace Hausa ta bi. Murjani kuwa, duk da matsayinsa a adon Hausawa, ba ya cikin jadawalin kwata-kwata.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa jadawalin duwatsun wata tsari ne na kasuwar Amurka da aka ɗora kan tsofaffin ra'ayoyin Yahudawa da Turawa, yayin da dutse a ƙasar Hausa ke ɗauke da tarihin fatauci da aikin hajji da aure da gado. Aiki biyu ke gaban manazarta. Na farko, cibiyoyin nazarin harsunan Nijeriya su daidaita sunayen waɗannan duwatsu kafin tallace-tallace su tsayar da nasu. Na biyu, a tattara sunayen duwatsun wuya da na hannu da na ƙugu daga bakin tsofaffin mata da 'yan koli a yankuna irin su Guri, inda Hausa ke gogayya da Badanci da Barbarci da Fulatanci, tun da sauran waɗanda suka ɗaura su suka kuma san sunayensu.